Kwanon Kajin Sauda

Uwaisu,

Ka cire wa tarakta filtar iska mai aiki da mai, ka sa ta takarda, ba ka tambaye ni ba. Jiya a gonar Malam Ashafa ƙura ta toshe ta, injin ya shaƙe, huɗa ta tsaya a rabi. Ita takarda ba a wanke ta, sai sabuwa, kuma har Bompai na je ban samu ba.

Na nemo tsohuwar a bayan ɗaki. Kwanonta na zuba mai kuwa, innarka ta mayar da shi na shan ruwan kaji. Na ɗauke, na wanke ragar filtar da kananzir, na zuba baƙin mai, na ɗaura. Yanzu injin yana numfashi kamar da, alhamdu lillahi. Na tafi Challawa in ƙarasa huɗar kafin ruwa ya sauko.

In ka dawo daga Sharaɗa ka sayo wa kajin kasko, yau ɗin nan, don innarka ta yi fushi. Har zaure ta biyo ni, wai in maido mata kwanonta da yamma. Na ce, "Sauda, ba zan maido ba."