Wurin Fakin Mai Lamba Tara

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rakiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta kamaci 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu a nan Salford lafiya lau muke, da ni da Baban Amira da yaran. Ƙanina Nura ma yana nan lafiya a unguwar Lozells ta Birmingham, sai dai ya rame tun bayan tafiyarki, kuma ba ya yarda idan an faɗa masa.

Umma, na rubuto ne in shaida miki maganar fakin ɗin nan ta ƙare. Ta ci mini fiye da shekara guda. Tikitin cin tara ɗaya kawai kika sani a cikin huɗun da aka manna wa motata, shi ya sa zan ba ki labarin tun daga farko, don ban da ke ban ga wanda zai saurare ni har ƙarshe ba. Kowa ya gaji da jin ta, ni ma na gaji da faɗa.

Ba ki taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarki, amma duk ginin nan naku na Ladywood a Birmingham babu wanda ya kai ki tsare wurin ajiye motarsa. Lamba tara, wanda Baba ya saya haɗe da flat ɗin. Bayan rasuwarsa da aka sayar da motarsa, mutumin hawa na uku ya zo yana so ki ba shi hayar wurin. Kika ba shi shayi, kika saurare shi tsaf, sannan kika ce, "Idan na ba ka, 'ya'yana su ajiye tasu a ina, a kaina?"

Daga baya masu kula da ginin suka ɗauko wani kamfani ya riƙa tsaron harabar. Aka kafa alluna a jikin bango, aka ba kowane gida permit guda ɗaya, wani koren kati da ake ajiyewa a jikin gilashin gaban mota. Tun ranar da Nura ya manta ya tafi da shi har mako biyu, kika mayar da shi cikin jakar hannunki. Duk wanda ya zo sai ya faka, ya hau hawa na biyu, ya karɓa daga hannunki, ya sauko ya ajiye.

Tikitin farko ranar wata Juma'a ne. Na tashi daga aiki a kantin magani da rana, na kama babbar hanyar M6, cunkoso ya riƙe ni kusan awa uku. Na iso ƙafafuna a kumbure. Na miƙa hannu ki ba ni katin, kika ture hannun, kika ce, "Zauna ki ci tukuna, motar ba guduwa za ta yi ba." Tuwon semo ne da miyar kuɓewa ɗanya. Lokacin ciwon ya fara cin ki, amma kin tsaya kin tuƙa. Da na sauka bayan minti ashirin, na tarar da tikitin cikin leda mai ruwan ɗorawa manne a gilashi. Na nuna miki, kika riƙe haɓa kika ce, "A ƙofar gidana?" Na ce kada ki damu, zan ji da su. Na jefa ta a akwatin gaban mota na manta.

Bayan mako biyu na zo da safiyar Asabar na same ki a ƙasa a kicin, kin jingina da firji, tun asuba kike wurin. Kika ce kada in ɗaga hankalin Nura. Masu motar asibiti suka sauko da ke a kujera, na bi ku da jakarki a kafaɗata, katin yana ciki. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Motata ta kwana biyu a lamba tara, tikiti biyu kenan.

Na huɗu ranar da muka kai ki ne. Gida cike da masu ta'aziyya, takalma har bakin lif. Jakarki tana cikin farar ledar da asibiti suka miƙo mini da kayanki, na ajiye ta a saman wardrop ɗinki ban iya buɗewa ba. Da la'asar na sauka ɗauko tabarmi a but ɗin mota, na ga ledar a gilashi. Na tsaya ina kallonta. Ban ji haushi ba ma a lokacin, babu wurin da haushin zai zauna.

Ba a yi sadakar arba'in ba wasiƙu suka fara sauka a gidana. Fam ɗari kowane tikiti. Na zauna na rubuta musu cikin ladabi, yadda kika koya mana. Na ce wurin na mahaifiyata ne, ni 'yarta ce, jinya na zo. Na haɗa da takardar asibiti da takardar shaidar rasuwarki. Umma, sai da na ɗora takardar nan a kan teburin kicin na ɗauki hotonta da waya, sau uku, saboda inuwar hannuna tana rufe sunanki.

Amsarsu ta zo. Layin farko sun ce suna taya ni alhini. Layi na biyu sun ce ba a ga permit a jikin motar ba, saboda haka tarar tana nan. Sau huɗu aka aiko mini wannan wasiƙa, kalma ɗaya ba ta bambanta ba sai lambar tikitin. Akwai wata hukuma da ake ɗaukaka ƙara gare ta, amma kafin in dawo hayyacina wa'adin ya wuce.

Na kira ofishin masu kula da ginin a lokacin hutun cin abincina, ina tsaye a bayan kanti. Yarinyar da ta ɗauka ta ce ba ruwansu, in yi magana da kamfanin fakin. Na ce ai ku kuka kawo su. Ta ce ta fahimci damuwata. Na kira kamfanin, na'ura ta ce in danna ɗaya idan biya zan yi. Babu lambar da mutum zai danna idan magana yake so ya yi.

Daga nan sai wasiƙun masu karɓar bashi, da jan rubutu, kuɗin yana ta hawa. Na kai ga idan na ji ƙarar murfin akwatin wasiƙa sai in ƙi zuwa in duba. Baban Amira ya ce in share su, barazana ce kawai. Nura ya kira ni ya ce, "Yaya, just pay, mu raba biyu. Umma ba za ta so ki riƙa wahala haka ba." Na ce masa bai san ki ba ke nan. Muka yi kwana goma ba mu yi magana ba, ni da ƙanin da na goya. Ki yafe mini wannan.

Sai ga takarda daga kotu. A nan na tsorata da gaske, don muna shirin sabunta bashin gidanmu, kuma idan hukunci ya hau kan sunana banki zai juya mana baya. Na buɗe shafin biyan kuɗin a wayata, na sa lambar katina har rabi. Na gaji, Umma. Ina aiki a tsaye tun safe, in dawo in dafa, in duba aikin makarantar yara, sannan in zauna ina karanta Turancin lauyoyi.

Maman Fati ce ta tsayar da ni. Maƙwabciyarki ta hawa na ɗaya, mutuniyar Kumasi, wadda kike tsokana saboda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Na je Birmingham kwashe wasiƙunki muka haɗu a matakala, na faɗa mata. Ta kama hannuna ta ce, "Kada ka biya ko kwabo. Je ka nemo lease na babanka, ka karanta." Ashe ita ma sun taɓa yi mata haka, kuma da takardar mallakar gidan ta kore su.

Ranar na buɗe akwatinki babba na ƙarƙashin gado. Na daɗe ina guje masa. Na ɗaga atamfofinki ɗaya bayan ɗaya, ƙanshin turaren wutarki yana tasowa, har na kai ƙasa. Takardar tana cikin leda, tare da fasfo ɗin Baba da katunan rigakafinmu na yarinta. Na zauna a kan kafet ina bin layi da yatsa. A shafi na bakwai na gani: mai gidan yana da haƙƙin ajiye mota a lamba tara, shi da baƙinsa. Babu maganar permit, babu maganar tara. Wurin naki ne tun kafin a san da kamfanin.

Na rubuta wa kotu cewa ban yarda da ƙarar ba. Maman Fati ta ba ni shaida a rubuce cewa ta san motata shekara da shekaru a wurin. Nura ya ɗauki hutu ya je ya ɗauko hotunan allunan, ya turo mini. Da haka muka shirya.

Kamfanin suka aiko da nasu hujjojin, takardu masu kauri, da hotunan motata ta gaba da ta baya, kowanne da rana da lokaci a ƙasansa. Ina ta juya shafuka har na kai na Juma'ar farko. Ma'aikacinsu ya ja baya don allon bango ya fito a hoton, sai ginin ya shigo. A tagar hawa na biyu ga ki a tsaye, hannunki ɗaya riƙe da labule, da shuɗin ɗankwalinki. Ina tsammanin lokacin ina banɗaki ina wanke hannu. Fuskarki ba ta fito sosai ba, amma tsayuwar taki ce, kin ɗan karkata kai kamar yadda kike yi idan abu bai yi miki ba. Na duba duk wayoyinmu, babu hotonki a tsaye bayan wannan ranar. Na kai shagon wanke hotuna an ƙara masa girma. Ya yi dishi-dishi, amma na ba Nura ɗaya.

Aka sa ranar zama a kotun Manchester. Na nemi hutu a wurin aiki. Na goge doguwar rigata baƙa. Na rubuta abin da zan faɗa wa alƙali a shafi biyu, ina maimaitawa a jirgin ƙasan cikin gari, ina maimaitawa ina yanka albasa. Ina so in tsaya a gaban mutum mai fuska in ce masa ranar tikiti na biyu uwata tana kwance a ƙasan kicin, ranar na huɗu kuma a maƙabarta muka yini. Ina so wanda kamfanin za su turo ya ji da kunnensa.

Saura kwana shida wasiƙa ta zo. Layi biyu. Sun janye ƙarar, ba sai na je kotu ba. Ba su ce sun yi kuskure ba, ba su ba da haƙuri ba, ko sunan mutum babu a ƙasa. Baban Amira ya yi ta murna, ya ce na yi nasara. Nura ya turo hamdala. Ni kuwa na zauna a matakalar gida da takardar a cinyata. Shekara guda ina tara magana a bakina, aka rufe ƙofa kafin in buɗe shi. Hutun da na nema ban soke ba. Ranar na yi barci har azahar.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk tsawon lokacin nan, idan Nura ya kawo maganar sayar da flat ɗin, sai in ce a bari shari'a ta ƙare, ana bukatar takardun. Ba gaskiya ba ne, kwafi ma ya isa. Muddin ana rigimar, ina da dalilin kama hanyar Birmingham, in buɗe ƙofarki da makullina, in zauna a kujerarki. Da suka janye, dalilin ya tafi da su.

An sayar da gidan watan jiya. Wasu matasa ne suka saya, mata da miji da jaririya, 'yan Najeriya haihuwar nan, Kiristoci, ba sa jin Hausa sai gaisuwa. Matar ta tambaye ni ko bene yana da sanyi, na ce ta riƙa rufe ƙofar kicin. Na ba ta makullai, na ba ta kwafin shafi na bakwai da na ja wa layi da biro, na ce ta adana. Kayanki mun raba yadda addini ya ce, ba a yi ko musu ba. Maman Fati ta ɗauki tukunyar tuwonki, ta raka ni har mota tana kuka.

A hanyar dawowa na tsaya a wurin hutawa na matafiya na yi sallar la'asar a gefen mota. Na ɗauko waya zan kira ki in ce na kusa gida, kamar yadda na saba. Sai na kira Nura. Na ce masa na kusa gida, ya ce in tuƙa a hankali.

Allah ya jiƙan ki, Umma. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi. Ya saka miki da alheri bisa duk abin da kika tsare mana, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu kuma ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Yau zan kwanta da wuri, gobe da safe ina da aiki.

'Yarki,
Zulai
Salford