Saiwoyin da Kakanki Ya Gauraya

Zuwa ga jikata Qiuyan,

Kafin komai, ga kacici-kacici, tunda an ce ke ce mai ilimin gidan. Wane ma'auni ne yake kwance a ɗaki mai danshi, masu gadinsa talatin da biyu duk sun gudu saura huɗu, bai taɓa shiga aji ba, amma ya yi wa 'yar jami'a aiki?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan sanyin Harbin bai cinye miki kunnuwa ba. Na kunna miki turare a gaban kakanni, su tsare min lafiyarki. Mu nan Shizhu lafiya lau, gwiwata ce kawai take tsegumi.

Yanzu zancen saƙonki. Kin ce a aiko miki saiwar huanglian, maganin cikin nan mai ɗaci, kashi uku, ta kan dutse, ta tsakiya, da ta bakin rafi, kada a haɗa, don ki auna wacce ta fi yawan wannan sinadarin rawaya da kike tatsa, mai suna kamar atishawa. Kin kuma ce in ba su iso kafin Sabuwar Shekara ba, karatunki zai ƙara shekara guda. To, mun haƙo masu shekara biyar, mun gasa, na ɗaure kowane buhu da zarensa. Na leƙa maƙwabta ke nan, kakanki ya zazzage duka ukun cikin dogon kwandon gora, shi da kawunki Dehou suka yi ta girgizawa don ƙasa ta zube. Wai tun zamanin ubansa ba a taɓa girgiza kwando sau uku don abin da bai cika ɗaya ba! Na ce masa tsohon banza, ka girgiza shekarar yarinya. Ya ce ai saiwa saiwa ce, mu raba uku mu yi shiru, wa zai sani? Na ce injin awonki zai sani, ni ma na sani. Ga ƙanƙara ta rufe dutse, ba halin sake haƙa.

Sai na shimfiɗa tabarma, na sa kakanki yankan ɓarɓashi daga kowace saiwa, ni ina ɗanɗanawa. Ta kan dutse ɗacinta yakan sauka har maƙogwaro ya zauna. Ta bakin rafi tana ciza ta saki. Ta tsakiya kamar kawunki take, ba ta nan ba ta can. Na ba kakanki guda ya gwada, hawaye suka zubo, ya ce duk ɗaya ne, wai aurena ma ya fi su ɗaci. Kwana huɗu muka yi. Ƙyafaffen nama ɗaci, kunun shinkafa ɗaci, amma cikina bai taɓa zama lafiya haka ba.

Jiya Dehou ya kai gidan waya. Jan zare ta dutse, fari ta tsakiya, baƙi ta rafi. Guda tara da suka rikita ni suna cikin wani ƙulli daban, kada ki sa su a lissafi. Ki gaya wa malaminki gaskiyar yadda aka yi. Ki auna, in muka saɓa da injin, a kai shi gyara.

Ki gaida ƙawarki Lanfen, da wannan saurayin mai tabarau da kike ɓoye min. Kakanki yana gaishe ki, kansa a ƙasa.

Taki har kullum,
Kakarki, Ran Guixiang

Ma'aunin nan harshena ne, kuma har yau bai dawo daidai ba.