Ban Taɓa Ce Muku Gidan Kabara Bulo Ne Ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin inshorar da ke riƙe da takardun gidana na Kabara,

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, na rubuto maka ne a bainar jama'a domin na gaji da zaman benci a ofishinku. Ban sa sunan kamfaninku ba, kuma ba don tsoro ba. Kun san kanku.

Sunana Alhaji Ɗanlami Mai Kwano. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Da tallar ƙusa a faranti na fara, yau ina da shagon kwanon rufi a Ƙofar Nassarawa da gidajen haya uku a cikin gari. Ko bulo ɗaya ban gada ba. Duk abin da na samu, da amana na same shi, don dillalai kan sauke mini mota guda ta kwano a kan maganar baki kawai. Na faɗi wannan ne don ka san irin mutumin da kuka rubuta wa cewa ya yi muku ƙarya.

1. Ba ni na neme ku ba. Gidan Kabara ne kaɗai na saya ta hanyar banki, irin tsarin nan da banki ke sayen gida ya sayar maka kana biya a hankali. Su suka ce sai da inshora, su suka nuna mini ƙofarku. Tun daga lokacin, shekara ba ta taɓa zagayowa kun tuna mini biya ba. Ni nake kai muku da ƙafata.

2. Ranar da kuka turo a duba gidan. Wannan ita ce tushen maganar, don haka ka karanta a tsanake. Jami'inku matashi ne mai ladabi, ɗan cikin gari, har durƙusawa ya yi da zai gaishe ni. Muka bar motarsa a bakin titi muka taka zuwa lungun. Da muka isa soro sai muka tarar matar Malam Habu tela, ɗaya daga cikin 'yan hayana, ta haifi 'ya mace a makon. Gida cike da mata 'yan barka, tukunyar ruwan wankan jego tana kan wuta a tsakar gida, kakar mai jego ta kafa kujera a bakin ƙofa. Yallaɓai, kai ma a gidan Bahaushe aka haife ka. Wane namiji ne zai kutsa kai cikin gida a irin wannan hali? Ni mai gidan ban shiga ba, shi ma bai ko nemi shiga ba, kuma na yaba masa.

Na ce ya dawo bayan suna, in sa a sanar da matan su kimtsa, mu zagaya ɗaki ɗaki. Ya ce a makon ake son rahotonsa. Sai ya ƙwanƙwasa bangon soron, ya tambaye ni ko haka ginin yake har ciki. Amsar da na ba shi ina nan riƙe da ita, kuma Malam Habu yana tsaye a wurin:

"Soro ne kawai bulo, ni na sake shi. Ciki ginin ƙasa ne irin na da, an yi masa shafen siminti."

Ya ce ba damuwa. Ya ɗauki hoton soro da na ƙofar gida, ya sha ruwan sanyi, ya tafi. Rahoton da ya rubuta ba a taɓa nuna mini shi ba. Ba wanda ya sake dawowa, ko bayan suna, ko bayan arba'in, ko bayan an yaye yarinyar.

3. A daminar bana, bayan wani ruwa mai ƙarfi da la'asar, bangon gabas ya zauna, ya tafi da ɗakuna biyu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Kada a ce sakaci ne. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ina sa a hau a gyara indararo a toshe tsaga, unguwa duka shaida ce. Malam Habu da iyalinsa na mayar da su gidana na Sheshe, na hana kaina hayar ɗakin. Ɗan hayan ɗaya ɗakin kuwa, Malam Isa, malamin firamare, shi da matarsa suna rakuɓe a gidan surukansa, abin da ba namijin da ke so.

4. Na zo muku da hujjoji, aka yi ta juya ni daga wannan tebur zuwa wancan. Ƙarshe kuka aiko mini da wasiƙa cewa ba za ku biya ba, wai a rahoto an rubuta gidan bulo ne "a cewar mai gida", don haka na yaudare ku. Da a nan kuka tsaya, wallahi da na haɗiye. Amma sai kuka aika wa banki kwafi. Manajan da ke tashi tsaye in na shigo, yanzu sakatariyarsa ce ke ce mini yana taro. Magana kuwa a cikin gari ba ta kwana. Wani dillali da muka shekara ashirin muna hulɗa ya ce mini, cikin dariya wai, wannan karon sai dai in fara biya kafin a sauke kaya. Ban taɓa jin wannan magana daga bakin kowa ba sai da kuka shigo rayuwata.

To ina tambaya. In kuna ganin ginin ƙasa bai cancanci inshorarku ba, me ya kawo ku cikin gari? Wa bai san yadda gidajen Kabara suke ba? In kuma dole sai an ga cikin gida, kamfani mai hawa huɗu ya rasa mace ɗaya da za ta sa hijabinta ta yi sallama ta shiga? Kun karɓi kuɗin gidan da ba ku gani ba, kun ci shekaru ba ku ce uffan ba, sai da bango ya faɗi kuka tuna kuna da ƙa'ida.

Ba na neman a kori yaron nan da kuka turo. Abin da ya yi a ƙofar gida daidai ne. Abin da ya rubuta ne ba daidai ba, kuma ku kuka sa masa gaggawa.

Buƙatuna ga su. Ku kira shi, ku kira Malam Habu, a zauna gaban mai unguwa, kowa ya faɗi abin da ya ji. Ku biya gyaran kamar yadda muka ƙulla. Sannan, kuma wannan ce ta fi muhimmanci, ku janye kalmar yaudara a rubuce, ku aika wa bankin da kuka aika wa ta farko.

Ka sani, Yallaɓai, ɗakunan nan zan tayar da su ko kun biya ko ba ku biya ba. Har na sa a fara buga bulo, mutanena ba za su sake damina a gidan wani ba. Gini ba ya gagarata. Amma takardar da ke cewa Ɗanlami maƙaryaci ne, wannan ba zan bar ta a ajiye a banki 'ya'yana su tarar ba. In kun ƙi, lauya ya riga ya karɓi takardu, kuma a can ba zan ɓoye sunanku ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka mutuncinka, kada ya haɗa ka da wanda zai ɓata maka suna daga kan kujera.

Wassalam.

Alhaji Ɗanlami Mai Kwano,
Ƙofar Nassarawa, Kano.