Abin da Rabi ta faɗa a gaban talabijin

Gummi, daren Talata, 14 ga Maris, 2017

Bayan isha'i aka kawo wuta, muka zauna kallon wasan nan na nas-nas masu yi wa kansu allurar kashe zafi ta marasa lafiya. Ni da Inna da ƙanwata Rabi, wadda ta dawo daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba.

A wasan yau ɗaya daga cikinsu ta yi kuka gaban uwarta, ta zubar da kwalaben a masai, wai shi ke nan ta warke. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya shirye ta."

Rabi ta yi 'yar dariya, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, ƙarya ce. Ba a barin ta haka. Ko an zubar, kafin asuba mutum na laluben wata."

Wata uku ke nan da ta dafa Alƙur'ani a ɗakina ta ce ta daina yi wa kanta allurar. A kan rantsuwar nan na roƙi shugabarsu ta mayar da ita ɗakin jinyar yara, na ce na tsaya mata.

Da Inna ta shige ɗaki na kama Rabi na janye hannun rigarta. Sababbin tabon allura ne, ɗaya ma bai bushe ba. Ba ta ƙwace ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, kin gani. Mi za ki yi min?"

Ban sani ba. In na faɗa, aikinta ya tafi, hawan jinin Inna kuma ba zai ɗauka ba. In na yi shiru, gobe da safe ita za ta riƙe allura a kan 'ya'yan mutane.