Hannayen da ke Bangon Zaure

Kazaure,
Jihar Jigawa.
4 ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Hussaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nafisat da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya tsare ka a bakin aikinka, Ya raba ka da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta zauna sosai, gero ya fara fitar da kai, kuma gyaɗar da aka shuka a gonar Baba ta yi kyau. 'Yar'uwarmu Bilqis ta sauka lafiya a Babura, an sami mace, mun je suna mun dawo. Goggo Bintu tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakin nan nata bai ragu da komai ba, jiya ma sai da ta wanke ni tas da Barbarci a kan na cika wa miya gishiri.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalilin ka san shi. Sau uku ina ɗauko maganar nan, sau uku kana dariya kana cewa na faye tsoro, kafin in kai ƙarshe ka ce ana nemanka a ofis. To, takarda ba a katse ta. Don Allah ka sami wuri ka zauna ka karanta har ƙasa, ko da ranka zai ɓaci da ni. Maganar zauren Kaka Sheriff ce.

Kafin komai, ba zan ɓoye alherinka ba. Bayan rasuwar Baba shekara shida zauren nan ya yi a rufe, ba mai shiga sai jemagu da awakin maƙwabta. Lokacin da 'yan'uwa suka kawo shawarar a rushe shi a jera shaguna a bakin titi, kai kaɗai ka tsaya ka ce ginin da Kaka ya yi da hannunsa shekarar da ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ba za a sa masa diga kana raye ba. Na yi kuka ranar, don daɗi. Kai ka yarda da shawarata aka mai da shi wurin koya wa mata ɗinki, yau mata goma sha huɗu ke zuwa, har da masu tahowa a babur daga ƙauyukan Roni. Kai ka sa aka jawo wuta, aka shimfiɗa tayil, aka ɗora kwano a kan rufin ƙasa, aka shafe bayan ginin gaba ɗaya da siminti aka yi fenti, don ka ce ka gaji da jin ana yaɓe duk shekara. Abu ɗaya ka hana a taɓa, bangon gabas ta ciki, inda hannayenmu suke. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya tambaya, ni kuwa ba na gajiya da ba da labari: yadda a gidanmu duk bazara in an kwaɓa ƙasar yaɓe, yaron da ya yi famfara a shekarar sai a kama hannunsa a danna a jikin ɗanyen bango, daga nan kuma masu yaɓe su riƙa kewaye wurin. Hannu ashirin da uku ne. Na Kaka a sama, ƙato. Ƙasa da shi na Baba da na Goggo suna yara, kusa da juna. Naka a karkace, don Goggo ta ce kana fizgewa za ka tafi kamun fara aka danna shi.

To, Yaya, tun ruwan farko na bana na fara ganin abin da ban gane ba. Da farko wari ne, irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, in mun buɗe ƙofa da safe shi ke fara tarbarmu. Na ce ko don muna rufe tagogi ne. Sai ƙofar kanta ta fara gardama, wadda da yatsa ɗaya ake tura ta, yanzu sai na sa kafaɗa. Sai wata ɗalibata ta shimfiɗa farin yadi za ta yanka, ta je alwala ta dawo ta tarar da wani gari ja-ja ya zubo a kai daga sama, lallausa kamar an tankaɗe. Ranar wata Laraba kuma da hantsi muka ga tururuwa sun yi layi suna fitowa daga gindin bangon gabas, kowace da farin ƙwai a baki, suna tsallake tayil suna ficewa ta ƙofa. Matan suka yi ta dariya wai baƙi sun yi ƙaura. Ni ban yi dariya ba.

Ban gaya wa kowa ba na hau mota na tafi Roni wurin Malam Haladu magini, wanda ya riƙa yi wa Baba yaɓe fiye da shekara ashirin. Ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, amma ya biyo ni. Da muka iso bai ko shiga ciki ba. Ya zagaya baya, ya riƙa ƙwanƙwasa simintin da sandarsa yana tafiya yana kasa kunne. A bangon yamma ƙarar a daskare take. Da ya zo bangon gabas sai ta koma kamar ana buga tulun da ba ruwa, tun daga gindi har inda sandar ta kai. Sannan ya roƙe ni wuƙa, ya sa bakinta a wata 'yar tsaga da ban taɓa lura da ita ba, ya ɓamɓaro siminti kamar faɗin tafin hannu. Yaya, abin da ke baya ba bango ba ne. Taɓo ne. Ya cusa yatsa ya shige har ƙarshe, da ya zaro sai ruwa ya biyo.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni ma zan faɗa maka yadda na fahimta. Ya ce ginin ƙasa yana shan ruwa da damina, rana ta fito ya amayar, haka yake rayuwa, shi ya sa na Kaka ya haura shekara tamanin. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa, tsayawa kawai yake yi a gabanta. Da ya ɗan tsage ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita. Ya nuna mini inda aka cire indararo aka toshe ramukan, ga kwanon da aka ɗora bakinsa gajere, duk ruwan da iskar gabas ta koro a kan bangon yake sauka ya bi ta bayan simintin. Tayil ɗin ma ya ce ya hana ƙasa numfashi, danshin daɓe duk ya koma gindin bango. Garin da ke zuba a kan yadi kuma azara ce, bakinta da ke cikin bango ya jiƙe, gara ta samu. Ya ce damina uku ke nan ginin yana ruɓewa a cikin rigarsa, mu muna ta yaba fenti.

Na tambaye shi ko laifin sauya wa zauren aiki ne, don in haka ne in kwashe kekunan ɗinkina in ba shi wuri. Ya ce sam, gini ma ya fi son mutane, wanda aka rufe shi ke saurin mutuwa. Ya ba ni labarin wani tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa a Babura da aka kira shi ya gyara aka mai da shi makarantar manya. Ya ce sun sa wuta, sun faɗaɗa tagogi, sun ɗora kwano mai dogon baki da ke zubar da ruwa nesa, amma bangon suka bar shi da ƙasarsa suka shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da Baba ke sa a jiƙa a tsakar gida. Da muka je suna gidan Bilqis na je na gani da idona, garau yake, ciki sanyi kamar randa. Sannan ya ba ni labari na biyu, wanda na so a ce bai ba ni ba. Wani soro ne a wajen Gwiwa da aka yi wa irin gyaran namu. Ya ce har ranar da ya zauna ba wanda ya ga tsaga ta kirki a jikinsa, da rana tsaka bayan an ɗauke ruwa ya tafi gaba ɗaya. Ban tambaye shi ko da mutane a ciki ba, shi ma bai faɗa ba, sai ya kau da kai.

Ya ce har yanzu ana iya ceton namu, amma kada a wuce wannan watan. A tokare rufin da itace tun yau, a fasa simintin bangon gabas ƙasa ta sha iska, a buɗe indararo, a rufa tamfol zuwa kaka, sannan a cire ruɓaɓɓen a mayar da sabon tubali. Hannayen ma ya ce zai iya tsare mafi yawansu in an bar shi ya fara da wuri. In kuwa marka ta kama, aka yi kwana uku ana ruwa ba rana, ya ce kada in neme shi.

Na kira Lauwali birkila, wanda ya yi aikin simintin. Bai yi musu ba, ya ƙwanƙwasa da kansa ya ji, fuskarsa ta canja. Amma ya ce kai ka ba shi aiki, kuma ka ja masa kunne kada wanda ya taɓa ginin nan sai da izininka, shi ba zai ɗaga guduma ba. 'Yan'uwanmu su Shafi'i ma haka, kowa sai ya ce a jira Yaya. Wallahi na ji haushinsu, na kuma ji naka. Na kwashe kekunan ɗinki na mayar rumfar tsakar gida, na gaya wa matan kada wadda ta ƙara shiga zauren ko da almakashi ta manta. Wannan ikona ne, na yi.

Abin da ya fi ƙarfina Goggo ce. Ka san tun da aka buɗe zauren ta mai da dakalin da ke gindin bangon gabas wurin zamanta, nan take kai tabarmarta bayan ta karya, nan take jan carbi, nan take gyangyaɗi, sai la'asar ta tashi. Ta ce nan mahaifinta yake zama, kuma hannun ɗan'uwanta na bisa kanta. Na roƙe ta, na yi kuka, na sa liman ya yi mata magana. Amsarta ɗaya ce: Hussaini ya gaya mata da bakinsa ranar da aka gama fenti cewa ginin nan ya ƙara shekara ɗari, kuma Hussaini ya yi karatu, ba ya ƙarya, ba za ta bar maganar ɗanta ta kama ta wani tsoho mai ido ɗaya ba. Na kulle ƙofar na ɓoye makulli, ta ƙi cin abinci yini guda, ta ce na kore ta daga gidan ubanta, dole na buɗe. Ba zan iya ɗaukarta cak ba, Yaya, uwa ce. Maganarka ce ta zaunar da ita a wurin, kuma ba abin da zai tashe ta sai maganarka.

Na san abin da ke maka nauyi. Da kyakkyawar niyya ka yi, ka kuma yi alfahari da shi, hoton zauren ne ma a fuskar wayarka. Ba wanda zai ce ka yi ganganci, duk garin nan haka ake yi, kowa ya samu hali sai ya lulluɓe ginin ubansa da siminti yana ganin gata ya yi masa. Ni ma na yi guɗa ranar. Ba na neman ka ce ka yi kuskure a gaban kowa. Kira biyu kawai nake roƙo. Ka kira Lauwali ka ce ya bi abin da Malam Haladu ya ce. Ka kira Goggo ka ce mata ta koma ɗakinta sai an gama gyara. Kada ka ce sai ka zo hutun ƙarshen shekara ka gani da idonka.

Ka gaishe mini da Anti Nafisat da kyau, ka ce na ga saƙon atamfa, na gode, Allah Ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Daudu da Bahijja, ka ce wa Daudu na ji labarin haƙorinsa ya fita, wurinsa na nan a bango in Allah Ya bar mana bangon. Shafi'i da iyalinsa suna gaishe ka, haka Bilqis da maigidanta. Goggo ma ta ce in gaishe ka, ba ta san abin da nake rubutawa ba.

Direban da zai kawo maka takardar nan zai ba ka wani ɗan ƙulli, ka buɗe shi a hankali. Abin da ke ciki shekaranjiya da azahar ya ɓallo daga bango ya faɗo a kan cinyar Goggo tana zaune. Ta kakkaɓe zaninta ta ce yaɓe ne ya tsufa. Yatsu uku ne na hannun Baba. Da gangan na ƙulle shi a leda don ya iske ka da danshinsa, ka taɓa ka ji da hannunka. Yanzu haka da nake rufe takardar nan hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa tufafin da ke kan igiya, Goggo kuma tana ciki, ina jiyo tarinta daga nan.

Ka kira ta, Yaya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Ummi Kulsum.