Zaren da Zai Tsinke

Garwa, Talata, cikin Afrilu 2016.
Aikin farko: karɓo bandeji da maganin shafawa a farmasi. An yi.

Zuwa ga ƙanena Mas'udu, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hindu da yara, ya tsare ku daga sharrin gari da na hanya. Mu nan muna cikin zafin da ka sani. Mai ɗakina Hadijatu ta samu sauƙin ciwon baya. Goggo Iyatu ta dawo daga Bibemi da gyaɗa kaɗan da ƙorafi mai yawa. Kasuwa shiru. Tun da hanyar iyaka ta lalace, shagonmu na atamfa ya zama wurin zaman hira.

Ka tambaye ni a waya wace irin sandar kamun kifi da wane irin muline, wato abin naɗe zaren, za ka saya wa Baba, na ce zan yi tunani. Gaskiyar magana Baba yana zaune kusa da ni a lokacin, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Akwai abin da ya faru da Baba ya hana a gaya maka, ni kuma na ga ba zai yiwu ka shiga shago ba tare da ka sani ba.

Ka san tun rasuwar Inna ba ya zaman shago, kullum da safe yana bakin kogin Binuwai, ƙasa da gada, tare da abokinsa Mahamat mutumin Kuseri, wanda ya koya masa jefa fatsa. Yadda suke yi, ba sanda. Mutum ya jefa, ya naɗe zaren a tafin hannunsa ya zauna, don ya ji motsin kifi a fatarsa. Da zaren roba na kasuwa wannan ba wani abu ba ne, domin yana miƙewa, in kifi ya fi ƙarfinsa ya tsinke, mutum ya yi tsaki ya ɗaura wata ƙugiya. Zaren da ka aiko da Sallah, kitsattsen nan da suke kira tires, ba haka yake ba. Ba ya miƙewa, ba ya tsinkewa. Ban faɗi wannan don in ɗora maka laifi ba. Ni na miƙa masa shi da hannuna ina yaba ƙarfinsa.

A watan jiya wani ramboshi ya kama, babbar tarwaɗar nan ta cikin gurbi. Mahamat ya ce bai ankara ba sai ya ga Baba a durƙushe cikin ruwa har ƙirji, ana jan sa, hularsa tana tafiya gaba, shi kuwa ya ƙi saki. Ko ya so ma ba zai saku ba, zaren ya riga ya nutse cikin nama. Mahamat ya zaro wuƙa ya datse. A asibiti an ɗinke masa yatsu biyu, ɗaya har yanzu ba ya lanƙwasuwa, da hagu yake jan carbi. Maimakon godiya, Baba ya daina yi wa Mahamat magana. Ya ce wai ya kusa fitar da kifin, wani mai tsoro ya yanke masa rabo. Mahamat ya aiko a gaya masa cewa lalle an kusa fitarwa, sai dai bai tabbata wa ke fitar da wa ba.

Hadijatu ta ce a hana shi zuwa kogi gaba ɗaya, na bi shawararta. Na ɓoye ƙugiyoyinsa, na ce likita ne ya hana. Mas'udu, da ka ga abin da ya biyo baya. Ya zauna a zaure ya juya wa ƙofa baya, tuwo ya huce a gabansa, ko rediyo ya daina kunnawa. Da na yi masa magana ya ce kasuwa ta sallame shi, Inna ta sallame shi, yanzu 'ya'yansa sun sallame shi daga ruwa, to a bar shi ya jira sallama ta ƙarshe. Hadijatu da kanta ta fito da ƙugiyoyin ta ajiye masa a kan tabarma. Muna tsaka mai wuya ke nan: in ya je ina tsoron kogi, in bai je ba ina tsoron zaure.

Na ari sanda a wurin Nicolas, mai gyaran babur da ke zuwa Lagdo kamun kifi, na kai Baba ya gwada. Ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wasu. Da zaren ya ɗan motsa sai ya jingine ta a ƙasa ya cafki zaren ya naɗe a hannun da ke ɗaure. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce sanda kurma ce, ba ta jin komai, shi kuma ba zai tambayi icce labarin ruwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na gane sanda kaɗai ba za ta cece shi ba.

Ga abin da za ka saya. Sanda mai gaɓa biyu, mai kauri a gindi da laushi a kai, irin da ke lanƙwasa, ba marar nauyin nan mai tsada ba, domin Baba zai taka ta ko ya dogara da ita wajen hawan gaɓa. Muline babba na ƙarfe, mai birki a gaba da za a sassauta, yadda in kifi ya ja zai tafi da zare maimakon ya tafi da mutum. Ka juya hannunsa a shago ka ji ko yana da taushi, don yatsun Baba ba su da ƙarfi. Tires kuwa ka sayo mai kauri, mai launi, wanda zai gani ya yarda da shi, kuma kaurin ba ya yanka kamar siririn. Sannan ka haɗo da zaren roba marar ƙarfi, ka naɗe shi daban cikin kayan da za ka aiko wa Hadijatu. Shi zan riƙa ɗaurawa tsakanin tires da ƙugiya, in ce masa don kada kifi ya ga zaren ne. Zai ɗauki tarwaɗar miya. In babban ya zo, zai tsinke.

Na juya wannan magana har kaina ya yi ciwo, ban sani ba ko daidai nake. Baba ya ce ramboshin yana nan da ƙugiyarsa a baki, kuma a kansa yake tashi da asuba da kuzari. Zan tura shi kullum ya jira abin da na riga na hana shi samu. Idan kana da wata dabara ka rubuto kafin ka sa kaya a mota, amma kada ka yi zancen a waya.

Ka gaishe da Hindu, da Kaltumi da Hassan, ka ce su dage da karatu. Hadijatu da Goggo Iyatu suna gaisuwa. Baba ya ce a sa maka albarka, kuma kada ka yi rowa wajen ƙarfin zare. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wanka,
Salmanu

Na gobe, in Allah ya kai mu:
Kai takardar nan ajans, tashar motocin fasinja, kafin motar Ngawundere ta tashi.
Mayar wa Nicolas sandarsa, ya nuna mini ƙullin haɗa zare biyu.
Zuwa wurin Mahamat, in roƙe shi ya koma zama kusa da Baba ko ba za su yi magana ba.
In Baba ya tambaya ko na rubuta a sayo wanda ba ya tsinkewa, in ce e. Wannan ban san da wane ido zan dube shi ba tukuna.