Katin Bikin Da Ya Ƙi Yi Wa Pakde Magana

Klaten, cikin watan Shawwal

Zuwa ga ɗana Gilang,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Batam. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a auren da ke tafe. Mu nan lafiya lau. An fara yankan shinkafa, gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da ƙafarta, kuma babu mai sayar da tempe, wainar waken soyan nan, da bai ji cewa ɗanta ne ya gina shafin gayyatar bikinsa a intanet da hannunsa ba.

To, a kan wannan shafin na ɗauki biro, kuma raina a ɓace yake. Ni na buɗe, na ga kyau: furanni na zubowa, sunanka da na Ratri da ruwan zinariya. Amma ka tura wa Pakde Darmanto, yayan ubanka, wanda ya riƙe ka tun rasuwar ƙaninsa, kamar ka manta ba ya gani, da kunne yake karatu. Yana taɓawa kiɗa ya ɓarke ya danne muryar da ke karanta masa waya, ya lalubi wurin kashewa bai samu ba. Da ya kasa kunne sosai, abin da muryar ke cewa shi ne hoto, hoto, maɓalli, hoto. Babu sunansa, babu rana, babu gari. Ya ce min ashe ɗansa zai auri hoto, a garin hoto, ranar maɓalli. Na yi dariya, shi bai yi ba.

'Yata Sekar ta ce ya kawo ta karanta masa, ya hana. Ya ce gayyatar da wani ya karanta maka labari ce ka ji a gari. Ya tuna mana yadda ubanka ya riƙa ɗaukar shinkafa da kaza zuwa ƙofar kowane dattijo don gayyata kafin aurensa. Ya ce shi ba kaza yake nema ba, amma wanda ba a gayyata ba ba ya miƙa ango. Ka san shi ne zai tsaya gaban iyayen Ratri a Madiun ya yi jawabin miƙa ka, kuma ba mu da wani namijin da ya iya harshenmu na girmamawa da ake jawabin da shi. In ya ƙi zuwa, wa zai yi? Ni?

Fushi ya sa na karɓi wayarsa na rufe ido, don in san abin da zan zage ka a kai. Gilang, na yi shekara da shekaru ina aikin ɗakin karatu, ban taɓa jin jahilci irin na ranar ba. Muryar tana gudu kamar mai gwanjo, shi kuwa yana tsintar kowace kalma. Ya ce in daina dangwalar gilashin kamar kaza, in ja yatsa a hankali. Sai ya kai ni shafin wata jarida, ya nuna min yadda yake tsallakawa daga kan labari zuwa kan labari kamar mai hawa matakala. Da muka iso kan hoto, muryar ta ce wasu mata ne ke shanya kifi a bakin teku! Na tambaye shi yadda aka yi waya ta gani, ya ce ba gani ta yi ba, wanda ya gina shafin ne ya rubuta bayani a bayan hoton, inda masu ido ba sa lura. Tun ranar abin ke cina. Ashe kowane shafi yana da fuska biyu? Kai me ka rubuta a bayan naka? Me ya sa ranar biki ta zama zane, ba rubutu ba? Furannin nan masu zubowa, kowanne sai muryar ta kira shi hoto, ko kuwa? An koya muku wannan a makaranta ka yi barci, ko malaman ma ba su taɓa rufe ido ba? Ina son amsa ta gaskiya, don so nake in sani.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kada ka kira shi kana ba da haƙuri, zai ce maka babu komai, ka kuwa san ma'anar babu komai ɗinsa. Ka gyara shafin. Kiɗa ya jira sai an nema, kowane maɓalli ya faɗi aikinsa, hotonku ya faɗi kalar rigar amarya, sunansa kuma ya fito da baki.

Ka gaida Ratri da iyayenta, da abokin zamanka Yohanes. Mahaifiyarka da Sekar suna gaishe ka. Pakde bai ba da saƙo ba. Sai dai na ji shi yana maimaita jawabin miƙa ango gaban kejin kurciyoyinsa, kuma kullum da safe, in ya gama ba su hatsi, sai ya sake buɗe shafin nan ya kasa kunne.

Ƙanwar ubanka mai ƙaunarka, ko da tana fushi,
Bulik Rukmini